Foka: Cacar Kartar da Talabijin da Intanet Suka Fito da Ita Sarari

A watan Mayun 2003, wani akanta ɗan shekara 27 daga jihar Tennessee ta Amurka, mai suna Chris Moneymaker, ya lashe babbar gasar foka ta duniya a birnin Las Vegas. Kafin wannan lokaci bai taɓa shiga gasar da ake zama gaba da gaba a kan teburi ba, domin akasarin wasansa a kwamfuta yake yi. Kuɗin shiga gasar dala 10,000 ne, amma shi dala 86 ya biya a wata gasar share fage ta shafin PokerStars, ya yi ta tsallake matakai har ya samu kujera. Ko kuɗin tafiya sai da ya sayar wa mahaifinsa da wani abokinsa wani kaso na abin da zai ci, idan har ya ci. Mutum 839 ne suka shiga, shi ne ya rage, ya koma gida da dala miliyan 2.5.

Sunansa na gado ne, ma'anarsa kuma da Turanci mai yin kuɗi, abin da ya sa mutane da yawa suka ɗauka laƙabi ne. Da tashar wasanni ta ESPN ta nuna gasar bayan wasu makonni, miliyoyin masu kallo sun ga mutum irinsu, ma'aikacin ofis, ya kayar da waɗanda suka yi shekaru suna ci da wannan sana'a. Daga nan ne masu bibiyar harkar suke ƙirga bunƙasar foka ta zamani. Cikin shekara uku kacal yawan masu shiga gasar ya ninka fiye da sau goma.

Yadda ake wasan

Foka, wadda Turawa ke rubutawa poker, caca ce da ake yi da karta mai kati 52. Tana da nau'o'i da dama, amma wanda ake nunawa a talabijin shi ne Texas Hold'em. Ana raba wa kowane ɗan wasa kati biyu a kife, shi kaɗai yake ganinsu. Daga nan mai rabo ya shimfiɗa kati biyar a buɗe a tsakiyar teburi, uku da farko, sai ɗaya, sai kuma na ƙarshe. Kowa yana haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin nan, wato nasa biyu da na tsakiya biyar. Kafin a buɗe na tsakiya, da kuma bayan kowace buɗewa, akwai zagayen zuba kuɗi: mutum ya biya daidai da abin da na gabansa ya zuba, ko ya ƙara a kai, ko ya ajiye katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya zuba.

A nan ne wasan ya bambanta da sauran cacar karta. Ba lallai ne mai kati mafi ƙarfi ya kwashe kuɗin ba. Idan mutum ya zuba kuɗi mai yawa har sauran suka tsorata suka ajiye katinsu, ya ci ke nan, kuma babu wanda zai tilasta masa ya nuna abin da yake riƙe da shi. Saboda haka kurari wani ginshiƙi ne na wasan, tare da lissafi da karantar fuskar abokin karawa. A nau'in da ba shi da iyaka, wanda ake yi a babbar gasar duniya, ɗan wasa yana iya tura duk abin da ke gabansa a kowane lokaci.

A gasa kuwa ba tsabar kuɗi ake ɗorawa a teburi ba. Kowa yana biyan kuɗin shiga, a ba shi ƙwandalolin wasa daidai da na kowa. Wanda nasa suka ƙare ya fita, kuma kuɗin dole da ake zubawa a kowane rabo yana ƙaruwa lokaci bayan lokaci don kada wasan ya ƙi ƙarewa. Haka za a yi ta raguwa har ƙwandalolin duka su taru a gaban mutum ɗaya.

Daga jiragen ruwa zuwa Las Vegas

Tarihin wasan yana komawa farkon ƙarni na 19 a yankin New Orleans, daga inda ya bazu a jiragen ruwan da ke zirga-zirga a kogin Mississippi. Shekaru masu yawa ana ɗaukarsa harkar mashaya da 'yan damfara. A 1970 ne Benny Binion, mai gidan cacar Horseshoe a Las Vegas, ya gayyato wasu fitattun 'yan caca, galibinsu daga Texas, suka yi kwanaki suna wasa, sannan suka kaɗa ƙuri'a suka zaɓi Johnny Moss a matsayin gwaninsu. Wannan zama ne mafarin gasar World Series of Poker. Daga 1972 kuɗin shiga babbar gasar ya tsaya a dala 10,000, kuma daga 1976 aka fara ba wanda ya yi nasara munduwar zinare, wadda 'yan wasan ke ɗauka da daraja fiye da kuɗin kansa.

An samu gwanaye a wancan zamani: Doyle Brunson da ya lashe a 1976 da 1977, Johnny Chan a 1987 da 1988, da Phil Hellmuth da ya ci a 1989 yana ɗan shekara 24. Wanda labarinsa ya fi ban tausayi shi ne Stu Ungar. Ya lashe babbar gasar sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, kuma da yawa daga cikin abokan zamaninsa suna ganin ba a yi mai basirarsa ba. Shekara ɗaya bayan nasararsa ta ƙarshe aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas, bayan miyagun ƙwayoyi da cacar wasanni sun cinye dukiyarsa.

Kyamarar da ta leƙa katin da ke kife

Tun a shekarun 1970 gidajen talabijin na Amurka suke ɗaukar gasar jefi-jefi, amma kallon ba ya da armashi. Mai kallo yana ganin mutane zaune shiru suna tura ƙwandaloli, bai san abin da kowa yake riƙe da shi ba, sau da yawa kuma rabon yakan ƙare ba tare da an nuna ko kati ɗaya ba.

Wanda ya warware wannan matsala shi ne Henry Orenstein, haifaffen Poland da ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya kuma yi arziki a Amurka da sana'ar kayan wasan yara. A shekarun 1990 ya yi rajistar haƙƙin mallakar wata dabara ta teburi mai kyamara da ke ɗaukar katin da ke kife. A 1999 tashar Channel 4 ta Birtaniya ta fara shirin Late Night Poker, inda 'yan wasa ke ɗora katinsu a kan gilashi, kyamara na ƙarƙashi tana ɗauka. A watan Maris na 2003 shirin World Poker Tour ya fara a Amurka da ƙananan kyamarori a bakin teburi, ESPN ma ta yi amfani da irinsu.

Wannan ƙaramar na'ura ta juya al'amarin gaba ɗaya, domin mai kallo ya koma ya fi kowa da ke teburin sani. Yana ganin wanda ke kurari da katin banza, yana ganin wanda ke gumi alhali shi ne a sama, a gefen allo kuma ana rubuta masa kason yiwuwar nasarar kowannensu. Misalin da har yau ake maimaitawa ya faru ne a karawar ƙarshe ta 2003, lokacin da Moneymaker ya rage da gogaggen ɗan wasa Sam Farha. Moneymaker ba ya riƙe da komai na kirki, Farha ne a sama, amma Moneymaker ya tura duk ƙwandalolinsa. Farha ya daɗe yana nazari, sannan ya ajiye katinsa. A ɗakin babu wanda ya san abin da ya faru a lokacin. Masu kallo a gida ne suka gani ƙarara.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi game da waɗannan shirye-shirye. Gasar da ta ɗauki kwanaki ana yi, ana tace ta ne zuwa 'yan sa'o'i. Ana zubar da ɗaruruwan rabon da ba a yi komai a cikinsu ba, a bar na tashin hankali kawai, a haɗa da tarihin rayuwar waɗanda suka kai ƙarshe. Wanda ya koyi foka daga talabijin, wasan da ya gani ya fi na gaskiya sauri da yawan kasada.

Teburin da ba ya rufewa

Talabijin ya tayar da sha'awa, intanet kuma ta samar da wurin kashe ta. A ranar 1 ga Janairun 1998 shafin Planet Poker ya raba katin farko na kuɗin gaske a intanet. PartyPoker da PokerStars sun zo a 2001, Full Tilt Poker a 2004. Wanda ke jin nauyin shiga gidan caca yana iya wasa daga ɗakinsa da 'yan sulalla, da sunan da ya ga dama, a kowane lokaci na dare ko rana.

Bambancin sauri yana da girma. A gidan caca teburi yana yin rabo kamar 30 a sa'a guda, a intanet kuma yana ninka haka, kuma mutum ɗaya yana iya buɗe tebura goma ko fiye a allo ɗaya. Ta haka matashi yakan buga a shekara guda adadin rabon da tsofaffin gwanaye suka yi shekaru masu yawa kafin su tara. Kwamfuta tana adana tarihin kowane rabo, akwai kuma manhajojin da ke tattara halayen abokan karawa. Sakamakon ya bayyana da wuri. A 2007 Annette Obrestad 'yar ƙasar Norway, wadda ta yi suna a intanet, ta lashe babbar gasar reshen Turai a Landan kwana ɗaya kafin ta cika shekara 19, ta samu fam miliyan ɗaya. A 2008 Peter Eastgate na Denmark ya ci babbar gasar Las Vegas yana da shekara 22, a 2009 kuma Joe Cada ya ci yana da 21.

Abin da ya haɗa allon talabijin da na kwamfuta shi ne gasar share fage. Shafukan suna tara ƙananan kuɗi daga mutane da yawa, su saya wa waɗanda suka yi nasara kujerar dala 10,000, su sanya musu riga da hula masu tambarin shafin. Idan ɗayansu ya kai teburin ƙarshe, talla ce ta sa'o'i da ba a biya ba. Shafukan kuma su ne manyan masu ɗaukar nauyin shirye-shiryen. Alƙaluman babbar gasar sun nuna yadda wannan zagaye ya yi aiki: mutum 2,576 a 2004, inda lauya Greg Raymer, shi ma ta PokerStars ya shigo, ya ci dala miliyan 5; mutum 5,619 a 2005, inda Joe Hachem na Ostireliya ya ci miliyan 7.5, sai 8,773 a 2006, inda Jamie Gold ya ci miliyan 12. A watan Yunin 2005 kamfanin PartyGaming, mai shafin PartyPoker, ya shiga kasuwar hannayen jari ta Landan da ƙimar da ta haura fam biliyan huɗu.

Doka, maguɗi da Baƙar Juma'a

A ƙarshen Satumbar 2006 Majalisar Dokokin Amurka ta liƙa wata doka a jikin ƙudurin tsaron tashoshin jiragen ruwa, Shugaba George W. Bush kuma ya sanya hannu a ranar 13 ga Oktoba. Dokar ba ta hukunta ɗan wasa ba, hanyar kuɗin ta toshe, ta hana karɓar kuɗin haramtacciyar cacar intanet ta bankuna da katunan biya. Hannun jarin PartyGaming ya zube da fiye da rabi a yini guda, kamfanin ya fice daga Amurka. PokerStars da Full Tilt da Absolute Poker, waɗanda ba sa kasuwar hannayen jari, suka ci gaba da karɓar Amurkawa. A 2007 masu shiga babbar gasar suka ragu zuwa 6,358.

A tsakanin 2007 da 2008 ne aka bankaɗo maguɗi mafi muni. A shafukan Absolute Poker da UltimateBet, wasu na cikin gida suna da hanyar ganin katin kowa da ke teburi yayin da ake wasa. 'Yan wasa ne da kansu suka gano, bayan sun tattara tarihin rabo sun ga wasu asusu suna cin abin da lissafi ba zai ɗauka ba. Hukumar Kahnawake ta Kanada, wadda ta ba shafukan lasisi, ta ɗora babban alhakin badaƙalar UltimateBet a kan Russ Hamilton, zakaran duniya na 1994, kuma an mayar wa waɗanda aka cuta fiye da dala miliyan 20. Dabarar leƙa katin da ke kife, wadda ta ɗaukaka wasan a talabijin, ita ce aka yi sata da ita a intanet.

A ranar Juma'a 15 ga Afrilun 2011, masu gabatar da ƙara na tarayya a New York suka tuhumi mutum 11 da zambar banki da halasta kuɗin haram da gudanar da haramtacciyar caca, suka ƙwace adireshin manyan shafukan uku. 'Yan foka suna kiran ranar Baƙar Juma'a. PokerStars ya mayar wa Amurkawa kuɗinsu cikin ɗan lokaci. Full Tilt ya kasa. A watan Satumba mai gabatar da ƙara Preet Bharara ya kwatanta kamfanin da tsarin damfarar nan da ake biyan na farko da kuɗin na baya. A cewar gwamnati, 'yan wasa a duniya suna bin kamfanin kimanin dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba, kuma ya raba wa masu shi fiye da miliyan 440 cikin shekaru huɗu. Cikin waɗanda aka ambata a ƙarar akwai Howard Lederer da Chris Ferguson, fuskokin da masu kallo suka saba gani a allo. Daga baya sun sasanta da gwamnati ba tare da amsa laifi ba. A 2012 PokerStars ya amince ya biya dala miliyan 731, ya karɓi Full Tilt, kuma ta wannan hanya ce aka fara biyan masu bin bashi, wasunsu bayan shekaru suna jira. Shirye-shiryen talabijin da dama, ciki har da Poker After Dark na tashar NBC, sun tsaya da tafiyar masu ɗaukar nauyinsu.

Aljihun da kuɗin ke fitowa

A foka gidan caca ba ya karawa da kowa. Kamasho yake cira daga kuɗin da aka tara a kowane rabo, ko daga kuɗin shiga gasa, don haka ko wane ne ya ci, gidan ya riga ya samu nasa. A 2006 mutum 8,773 sun biya dala miliyan 87.7, abin da aka raba a matsayin kyauta kuwa miliyan 82.5 ne. Kimanin ɗaya cikin goma ne suka samu wani abu a wannan shekara. A shekarun baya-bayan nan ana biyan kusan kashi 15 cikin 100, wanda ke nufin cikin kowane mutum 100 da suka biya dala 10,000, kusan 85 suna fita hannu rabbana, kuma kyamara ba ta raka su filin jirgi. Hatta adadin da ake sanarwa ba duka ne ke shiga aljihun zakara ba, saboda akwai haraji, akwai kuma masu kaso, domin ƙwararru da yawa da kuɗin wasu suke shiga gasa.

Muhawara a kan ko foka gwaninta ce ko sa'a ta kai har kotu. A 2012 alƙali Jack Weinstein na kotun tarayya a New York ya yanke cewa gwaninta ta fi rinjaye a wasan, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013 bisa dalilin cewa dokar jihar ta riga ta ɗauki gudanar da irin wannan wasa a matsayin caca. Lissafi yana ba kowane ɓangare wani abu. Wanda ke riƙe da kati biyu mafi daraja a karta, idan ya kara da mai wasu biyu iri ɗaya da ba su kai su ba, yana cin kusan huɗu cikin biyar, ya faɗi a ɗaya. A dare guda sa'a tana iya ba sabon shiga nasara, kuma wannan ne ke dawo da shi gobe. A dubban rabo kuwa kuɗin yana gangarawa ne zuwa ga gwanaye da masu cirar kamasho. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca, ta intanet da ta zahiri, a cikin jerin cututtukan da ta amince da su.

Na'ura ma ta shigo. A 2017 manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a rabo 120,000 a birnin Pittsburgh, a 2019 kuma Pluribus ta yi nasara a teburi mai mutum shida. Tun daga nan babban ciwon kan shafukan intanet shi ne gano wanda ke wasa da taimakon manhaja, ko asusun da ba mutum ne ke bayansa ba.

Matsayin ƙasashe ya sha bamban. Birtaniya tana ba da lasisi tana karɓar haraji. A Amurka jihohin Nevada da Delaware da New Jersey sun buɗe foka ta intanet a 2013, Pennsylvania da Michigan suka biyo baya. Indiya, wadda ta zama babbar kasuwa, ta haramta wasannin kuɗi na intanet a watan Agustan 2025. A Afirka wasan ya fi ƙarfi a Afirka ta Kudu, kuma ɗan ƙasar, Raymond Rahme, ya zo na uku a babbar gasar 2007. A Najeriya cacar ƙwallon ƙafa ce ta mamaye wayoyin matasa, ba foka ba. A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin na jihohi ne, kuma a jihohin da ke aiki da Shari'ar Musulunci caca kowace iri laifi ce.

Bayan Baƙar Juma'a wasan ya farfaɗo ta wata ƙofa. Kallon ya koma YouTube da Twitch da tashar PokerGO, inda ake nuna wasa da jinkirin 'yan mintuna don kada wani ya sanar da na teburi katin abokin karawarsa. A 2020 annobar korona ta rufe gidajen caca, aka mayar da gasannin duniya intanet, inda Stoyan Madanzhiev na Bulgeriya ya ci dala miliyan 3.9 a shafin GGPoker. Sai a 2023 aka karya tarihin 2006, da mutum 10,043 suka shiga, Daniel Weinman ya ci dala miliyan 12.1. A 2024 adadin ya kai 10,112, kuma a wannan shekara kamfanin Caesars ya sayar da sunan World Series of Poker ga kamfanin da ya mallaki GGPoker a kan dala miliyan 500. A 2025 mutum 9,735 ne suka shiga, Michael Mizrachi ya ci dala miliyan 10, Leo Margets 'yar Sifaniya kuma ta zama mace ta farko da ta kai teburin ƙarshe tun bayan Barbara Enright a 1995.